Kura Ba Ta Zaman Makoki

Fiye da shekara 20 ina rubuta "manomi" a duk takardar da aka tambayi sana'ar mahaifina. Ban yi ƙarya ba sarai, don Baba yana da gonarsa ta gero da wake kamar kowa a ƙauyenmu. Sai dai ba da gona aka san shi ba. Da an gama girbi, an kai dammuna rumbu, sai ya ɗaura walki, ya sa akayau a ƙafa, ya jawo kurarsa a sarƙa, Yaya ya rataya ganga, su bi kasuwanni. Alhamis suna Maigatari, wani makon su gangara har Wudil su ci kasuwar Juma'a, wani lokacin kuma sai mu yi wata biyu ba mu sa su a ido ba. Gardi ne mahaifina, mai wasa da kura. Yau ce rana ta farko da na faɗi haka a bainar jama'a. Abin da ya kwance mini baki kuwa wani kabari ne a Ingila, na mutumin da ya mutu tun 1871, wanda ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba.

Kejin kurar yana bayan ɗakin Inna, an kewaye shi da zana. Wanda bai taɓa kwana gida ɗaya da kura ba, ba zai gane warin ba. Yana kama tufafi, yana bin mutum har makarantar allo, da shi yara ke gane ni kafin in zauna. "Ɗan mai kura ya zo." Akwai kuma gwaggon biri da ake sa wa tsohuwar rigar ƙwallo, shi ke karɓar kuɗi a hannun 'yan kallo, in ka ba shi abin da bai yi masa ba ya wurgo maka. Mutane su yi ta dariya, su yi liƙi, su sayi laya da garin magani. Amma in aka zo maganar neman aure, ko ta wanda zai zauna a tabarmar gaba ranar suna, ba a tunawa da gidanmu. Ana son wasan, ba a son haɗa zuri'a da mai wasan.

Kuɗin wasa ba a hannun Baba suke kwana ba. Da ya dawo zai juye jakarsa a kan tabarma gaban Inna, ta ware su kashi uku. Na farko na kura ne: ƙashi, kai, ƙafa da kayan cikin da mahauta suka rasa mai saye. Na biyu na tuwo. Na uku, in ya samu, ta jefa a wata kwalla da ke ƙarƙashin gado. Takan ce, "A gidan nan kura ce uwargida. Sai ta ƙoshi nake ɗora tukunya."

Ina da shekara 9 Inna ta rasu, ranar wata Talata, bayan ciwon kwana huɗu. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Ranar Alhamis da ta biyo baya, kwana 9 ke nan da rufe ta, da asuba na ji ƙarar akayau a tsakar gida. Na leƙa ta ƙofar ɗaki na ga Baba yana ɗaura wa kura takunkumi, Yaya yana ɗame fatar ganga. Suka fita. Da hantsi matan da suka rage a zaman makoki suka fara magana ƙasa-ƙasa, wata ta ce, "Ko arba'in bai bari an yi ba." Wannan maganar ta shiga cikina ta zauna. Kafin a yi wata huɗu kuma aka kawo amarya ɗakin Inna, aka ce in riƙa ce mata Iya.

Ban taɓa yi wa Baba rashin kunya ba, Allah ne shaida. Abin da na yi ya fi rashin kunya sanyi. Da Kawu ya ɗauke ni zuwa birni don boko, sai na mayar da Baba mutumin da ake gaisarwa ranar Sallah, a tura masa kuɗi ƙarshen wata, a ajiye waya kafin hira ta yi tsawo. Da iyayen matata suka tashi bincike, gidan Kawu na nuna musu. Da na samu tallafin zuwa karatun digiri na biyu a Jami'ar Leeds da ke Ingila, na je ƙauye sallama, ban kwana ba.

A cikin harabar jami'ar akwai wani fili da ke ɓoye bayan gine-gine, an zagaye shi da tsohuwar katangar dutse. St George's Field ake ce masa. Ciyawa ce shimfiɗe, da manyan itatuwa, da zomaye suna ta kai-komo, da wani tsohon ɗakin ibada a tsakiya mai ginshiƙai. In rana ta ɗan leƙo, ɗalibai sukan baje a kan ciyawar su ci abinci. Ni ma na yi kusan wata guda ina cin burodina a can kafin in san cewa maƙabarta ce. An buɗe ta a 1835, an rufe mutum sama da 90,000 a cikinta, daga baya jami'a ta karɓi wurin, a shekarun 1960 aka kwashe mafi yawan duwatsun kaburburan aka mayar da shi lambu. Gawarwakin suna nan a ƙasa. Ranar da na ji haka burodin ya tsaya mini a wuya. Daga nan na daina zama, na koma zagayawa ina karanta 'yan duwatsun da aka bari.

A kan ɗaya daga ciki na ga an rubuta cewa mai kabarin, Susannah Darby, 'yar shekara 47, ta mutu ne sanadin rugujewar gidan wasa a King Charles Croft da ke Leeds, ranar Asabar 18 ga Maris 1848, kuma mijinta William Darby ne, wanda aka fi sani da sunan wasa, Pablo Fanque. A gindin dutsen akwai wani ƙaramin rubutu na mijin da kansa, wanda ya mutu 4 ga Mayu 1871. Matar mai wasa, ta mutu a wurin wasa. Na tsaya a nan har lokacin aji ya wuce ni.

Daren nan maimakon in yi aikin da aka ba mu, sai na shiga neman labarinsa, na kuma yi makonni a kai.

An haifi William Darby a Norwich, a gabashin Ingila, a 1810. Baƙar fata ne, uwarsa Mary, ubansa John. Dutsen kabarin ya ce yana da shekara 75 ya mutu, amma rajistar haihuwa ta nuna 61 ne. Wannan ya ba ni dariya ni kaɗai a ɗaki, don Baba ma in yana kirari a kasuwa sai ya ƙara wa kansa shekaru, ya ƙara wa kura ma, wai ta ga zamanin Turawa. Pablo yana da shekara 11 aka damƙa shi a hannun wani mai gidan wasa, William Batty, don ya koyi sana'a, kuma ranar 26 ga Disamba 1821 ya fara fita gaban jama'a a garin haihuwarsa. Hawan doki ya koya, da tafiya a kan igiya, da tsalle-tsalle. Ku lura da shekarar. A lokacin Birtaniya ta hana fataucin bayi tun 1807, amma bautar kanta tana nan daram a ƙasashen da take mulka, sai a 1833 aka yi dokar soke ta. Wato yaron nan yana kan igiya Turawa na yi masa tafi, alhali masu irin fatarsa suna saran rake a tsibiran Karibiyan a matsayin dukiyar wasu.

Wasan da suke yi shi ne Turawa ke kira sakas, kuma asalinsa wasan doki ne. Wani tsohon sojan doki mai suna Philip Astley ya fara shi a Landan a 1768. Ya gane cewa in doki yana sukuwa a da'ira, yana ɗan karkata ciki, ƙarfin juyawar yakan manne mahayi a bayansa, har mutum ya iya miƙewa tsaye a kan doki yana gudu bai faɗi ba. Shi ya sa filin wasan yake zagayayye, aka kuma tsaya a kan faɗin ƙafa 42, wanda har yau shi ake bi. Daga baya aka ƙaro masu igiya, da 'yan tsalle, da 'yan kama masu ba da dariya tsakanin wasa da wasa, don dawaki su huta.

Pablo ya yi wa wasu aiki shekara 20. Ya zauna da Batty, ya koma wurin Andrew Ducrow wanda shi ne gwanin mahaya na zamanin, ya sake dawowa wurin Batty. A 1841 ya ɓalle ya kafa nasa, da ɗan abin da yake da shi na dawaki, da wani ɗan kama mai suna Wallett. Shi ne baƙar fata na farko da aka sani ya mallaki gidan sakas a Birtaniya, kuma ya riƙe shi shekara 30. Kasuwarsa tana arewacin Ingila, garuruwan masaƙu na Lancashire da Yorkshire, inda leburori ke fitowa daga injin auduga da 'yan kwabbansu ranar Asabar suna neman abin da zai mantar da su gajiya. Ya kai har Sikotlan da Ailan. A Maris 1847 ya yi wasa a babban gidan Astley da ke Landan a kan wata baƙar goɗiya mai suna Beda, wadda ya hore ta har tana taka rawa daidai da kiɗa, jaridar Illustrated London News ta yaba masa ƙwarai.

Duk wanda ya yi rubutu a kansa, maganar fatarsa yake ja, kuma da gaskiyarsu. Turawan yau kuma da yawa sun san sunan ne ta wata hanya dabam: a 1967 John Lennon na ƙungiyar mawaƙan nan ta Beatles ya sayi wata tsohuwar takardar tallan wasan da Pablo ya yi a Rochdale a Fabrairun 1843, ya ɗebi kalmomin cikinta ya yi waƙa. Ni abin da ya ja hankalina a takardar shi ne dalilin wasan. An shirya shi ne don a tara wa wani ɗan wasa, William Kite, kuɗin daren. 'Yan wasan lokacin ba su da fansho, ba su da mai biya musu magani in sun karye, sai dai maigida ya ware dare guda ya ce abin da aka samu na wane ne. An san Pablo da yawan yin haka, har ga waɗanda ba yaransa ba. Da na karanta sai na ce, ai wannan ajo ne. Na tuna shekarar da kura ta tauna hannun wani abokin Baba, gardawa suka taru daga nesa suka yi wasan yini guda, aka juye masa kuɗin a hula.

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Matar ce.

Susannah 'yar wani mai yin maɓallai ce a Birmingham. Ba ta hawa doki, ba ta hawa igiya. Ita ce mai kula da kuɗin ƙofa. A wancan zamanin masu sakas in sun sauka gari sukan yi wasa a ginin katako na wucin gadi, a yi kaka guda a ciki a tashi. Wanda Pablo ya shiga a Leeds ba shi ya gina shi ba, wasu 'yan wasa ne suka riga shi amfani da shi, kuma an zare wasu katakon tokara kafin ya karɓa. Daren Asabar ɗin gida ya cika. Ɗansu yana kan igiya, idon kowa yana sama, sai benen 'yan kallo ya karye da mutum 600 a kansa. Aka yi ta ihu, aka tattaka juna, mutane suka ji raunuka. A cikin wannan taron duka, mutum ɗaya ne ya mutu. Katako masu nauyi suka sauko mata a ƙeya. Pablo ya kai ta wani masauki da ke kusa, King Charles Hotel, likita ya duba ya ce rai ya yi halinsa. A cikin hargitsin kuma wani ya yi awon gaba da akwatin kuɗin daren.

Na je wurin da ƙafata. Har yanzu akwai titi mai suna King Charles a tsakiyar gari, kusa da babban titin Headrow, kantuna ne ko'ina, mutane na wucewa da ledojin sayayya. Na tsaya ina tunanin yaron da ke kan igiya. Daga sama ya ga abin da ya faru kafin kowa, kuma dole sai da ya sauko a hankali, don wanda ke kan igiya ba ya gaggawa ko da uwarsa ce a ƙasa.

Sai kuma na ci karo da layin da ya tayar mini da tsohon miki. A watan Yuni na wannan shekarar, 1848, Pablo ya sake aure. Wata uku. Amaryar, Elizabeth Corker, 'yar Sheffield ce, mahayiyar doki, shekararta 22. Wasa kuma bai tsaya ba. Na rufe kwamfutar na ce, to, ashe duk kanwar ja ce, na Ingila da na gida. Mai wasa ba shi da zuciya, in ka ba shi fili da 'yan kallo ya manta da kowa. Na yi kwanaki ban bi ta filin nan ba, ina fushi da mutumin da ya shekara 150 a ƙasa. Ko ni na san ba da shi nake fushin ba.

Abin da ya dawo da ni lissafi ne, don karatuna na lissafin sufuri ne, kuma ƙwaƙwalwa ba ta barin halinta. Na fara tambayar kaina me ke wuyan mutumin nan safiyar Lahadin da ta biyo bayan rugujewar. Ginin ya karye. Kuɗin daren sun tafi. Ga dawaki a barga, kowanne sai ya ci hatsi da ciyawa sau biyu ko uku a yini, sai an yi masa kofato, sai an motsa shi don kada horon ya zube. Ga mahaya, ga makaɗa, ga masu share barga, ga kafintoci, ga mai buga takardun talla yana bin bashi, kowa da iyalinsa. Ga yara. Ga kuma kujerar mai karɓar kuɗi ba kowa. Manomi in ya yi rashi, gero zai ci gaba da tsayi ko yana kuka. Ɗan kasuwa ya rufe shago, atamfa ba za ta rame ba. Mai dabba kuwa jarinsa yana da baki da ciki.

Rayuwarsa ta gaba ma ba hutu a cikinta. Elizabeth ta haifa masa George a 1854 da Edward, wanda ake kira Ted, a 1855, dukansu suka shiga sana'ar, Ted ma har ya yi suna a dambe ya kai 1937 a raye. Sun kuma haifi 'ya mace, Caroline, ta mutu tana da shekara 1 da wata 4, aka kawo ta kabarin Susannah aka rufe. Wannan na daɗe ina juya shi: 'yar amarya a kabarin uwargida. A farkon shekarun 1860 yaƙin basasar Amurka ya tsayar da audugar da ke zuwa Lancashire, masaƙu suka rufe, leburori suka zauna ba albashi, kuma duk wanda ke cin abinci daga aljihunsu sai da ya ji a jikinsa. Pablo ya tsufa yana yawo gari-gari. Ciwon ƙirji ya kashe shi a wani masauki mai suna Britannia a Stockport, hannunsa ba komai.

Daga Stockport zuwa Leeds kusan mil 40 ne. Ga mutumin da ya mutu a talauce, da an rufe shi a nan inda ya faɗi, ba mai cewa komai. Amma aka ɗauko gawar aka kawo Leeds. Makaɗansa suka shiga gaba suna busa taken makoki, aka jawo dokin da ya fi so yana bin akwatin, jama'a suka cika hanya. Aka sa shi kusa da Susannah, bayan shekara 23. Babban dutsen nata ne, shi ya kafa mata, da sunanta da yadda ta mutu dalla-dalla. Nasa sunan yana ƙasa, sai ka sunkuya za ka karanta.

Ran nan na sunkuya na karanta, na miƙe, na kira Yaya daga nan bakin kabarin. Lokacin bazarar Turawa ne, agogonsu da namu ɗaya, na san ya idar da la'asar.

Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, wata tambaya ce ta daɗe a raina. Me ya fitar da ku Maigatari kwana tara da rasuwar Inna?"

Ya yi shiru har na duba ko layin ya yanke. Sannan ya ce, "Auta, sai yau? Ai na ɗauka ba za ka taɓa tambaya ba." Ya ce kwallar Inna tun tana kwance aka buɗe ta, abin ciki ya tafi wurin mai allura. Likkafani bashi aka karɓo. Geron sadakar uku bashi, na bakwai bashi. Kura kuma ta kwana uku ba ta sa komai a baki ba, da dare ta fara tauna ƙarfen kejin. "Kai kuma a ɗakin da ke jikin kejin kake kwana. Baba ya ce ko dai a kai ta kasuwa ta nemi abincinta, ko a kashe ta mu zauna ba sana'a da bashi a ka. Kura ba ta zaman makoki, Auta."

Na ce, "Amma ya yi rawa."

"Ya yi. Ni na kaɗa masa. Sai dai bai yi kirari ba ko ɗaya. Ka taɓa ganin gardi ya shiga fili bakinsa a rufe? Mutane suka yi ta watsewa, abin da muka samu bai kai rabin na kullum ba. Da muka dawo da dare kana barci. Ya shimfiɗa tabarma ya juye jakar kamar yadda ya saba. Sai muka tsaya ni da shi muna kallon kuɗin. Ba wanda ya san yadda take rabawa."

Maganar aure kuwa, ya ce Gwaggo ce ta matsa, don ba a barin yaro ɗan shekara 9 shi kaɗai a gida wata biyu. Wannan ban buƙaci a yi mini bayani ba. Iya ce ta yi mini wanka da ruwan ganye lokacin da na yi ƙyanda, ita ta soya mini gyaɗa ranar da Kawu ya tafi da ni, kuma har na girma ban taɓa kiran wayarta don kanta ba, sai dai a miƙa mata in gaishe ta a gurguje. Ba na cewa duk abin da ke cikin sana'ar Baba daidai ne. Layun nan da garin maganin ina da magana a kansu, shi ma daga baya ya bar su, kuma da na girma na san takunkumi da sarƙa ba daɗi suke wa dabba ba. Amma laifin da na ɗora masa shekara da shekaru ba wannan ba ne.

Baba yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni, kura ta daɗe da mutuwa, daga ƙofar gida sai masallaci. Juma'ar da ta biyo baya na sa Yaya ya kai masa waya ya buɗe murya. Na ce, "Baba, kun wuni lafiya? Yau labari na kawo muku." Ya ce, "Ikon Allah. Auta da labari?"

Na ba shi labarin Pablo tun daga Norwich. Ban taɓa yin magana da shi ta minti biyar a jere ba sai ranar. Bai tambaye ni yadda baƙar fata ya yi suna a cikin Turawa ba, wannan bai dame shi ba. Tambayoyinsa na mai sana'a ne. Dawaki nawa mutum ɗaya ke iya sarrafawa a fili? Da baki yake ba su umarni ko da bulala? In gari bai karɓe su ba, kwana nawa suke yi kafin su tashi? Da na zo kan goɗiyar da ke rawa da kiɗa sai ya ce, "Wannan ya sha wuya. Dabba ba ta jin ganga sai ta yarda da kai." Da na zo daren Asabar ɗin, da benen, da matar da ke wurin kuɗi, sai na ji akwai abin da ya canja a numfashinsa. Ya ce, "Ita ke riƙe masa jaka?" Na ce, "Ita ce, Baba." Ya ce, "Allahu akbar." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Na ji Iya daga nesa tana tambaya ko lafiya, Yaya ya ce mata Auta ne, na ce a ba ta in mun gama, ina da magana da ita.

Can sai Baba ya gyara murya ya ce, "Filin nasu, ka ce zagayayye ne. Faɗinsa fa?"

Na ce, "Ƙafa 42."

Na ji yana ƙirgawa a hankali. "Taku 14 ke nan. Na doki ne, dole ya yi faɗi. Ni 10 nake shatawa da gora. In ya wuce haka kura sai ta ga hanya, in bai kai ba yara su matso ta kama na gaba." Ya yi tari. "In ka zo gida ka tuna mini, gorar tana nan bayan ƙyaure, in nuna maka yadda ake shata shi."

Na ce, "To, Baba. Wannan zuwan zan kwana biyu."

Ya ce, "Ba Iyarka wayar, tana tsaye."